Yadda Ake Horar da Gani a Gida Bayan Buguwar Ƙwaƙwalwa

Wanda ya yi hatsarin babur ko na mota, ko ya faɗo daga kan gini ya bugu a ka, akan sallame shi daga asibiti ne da zarar ya farfaɗo, raunin ya ƙame, ya kuma fara gane mutanensa. Sai an koma gida ake lura cewa ba ya iya karanta layi uku ba tare da kansa ya fara sarawa ba, ko yana ganin ƙofar ɗaki ta zama biyu, ko kullum yana cin karo da abin da ke gefensa na hagu. Idan aka kai shi awo, ba mamaki ya karanta allon haruffan nan har ƙasa, a ce masa idonsa lafiya lau. Sau da yawa idon kam lafiyarsa ƙalau, matsalar tana can inda ake sarrafa shi. Kowane ido yana da tsokoki shida masu juya shi, jijiyoyi uku ne daga ƙwaƙwalwa ke ba su umarni, kuma ƙwaƙwalwar ce ke haɗa hoton ido na dama da na hagu su zama ɗaya. Idanu biyu tamkar shanun huɗa suke, ko da kowane sa yana da ƙarfinsa, in ba su ja tare ba kunya ba za ta miƙe ba.

Na daɗe ina koya wa majinyata da iyalansu wannan horo, kuma abin da nake fara gaya musu shi ne matsalolin kashi biyu ne. Akwai waɗanda sukan gyaru da horo, kamar haɗa idanu a kan abu na kusa, da bin layin rubutu, da tsayar da kallo lokacin da kai ke motsi. Akwai kuma waɗanda horo ba ya dawo da su yadda suke, kamar gefen gani da ya ɓace ko jijiyar gani da ta lalace, waɗannan dabarun zama da su ake koya. Mai jinyar da ya gane wannan bambanci ba zai wahalar da majinyaci a kan abin da ba ya yiwuwa ba, ba kuma zai yi sakaci da abin da ke yiwuwa ba.

Kayan aiki

Duk abin da ake bukata ana samun sa a gida ko a shagon unguwa. A tanadi farin zare mai kauri mai tsawon mita biyu, da duwatsun ado uku masu launi daban-daban waɗanda zaren zai iya ratsawa, misali ja da kore da ruwan ɗorawa. In babu duwatsu, 'ya'yan tsinkakken carbi ko manyan maɓallan riga sun wadatar, muddin launinsu ya bambanta. A nemi fensir biyu, da rula mai santimita 30, da farin kwali, da alƙalamin maka baƙi da ja, da salatif, da filasta ta takarda irin wadda ake ɗaure rauni da ita. Sai kujera mai majingina, da agogo ko waya don auna lokaci, da malafa ko hular hana-salla don tare haske.

Da kwalin za a yi allon haruffa guda biyu. Babban a rubuta masa layi goma, kowane layi da haruffa goma a gauraye ba bisa tsari ba, kowane harafi ya kai tsawon gaɓar yatsa. Ƙaramin a kwafi haruffan nan dai a takarda mai faɗin tafin hannu. Ga wanda bai yi boko ba, a yi amfani da baƙaƙen Larabci ko lambobi, ko ma a zana wata da tauraro da kwano da makamantansu, domin ba iya karatu ake aunawa ba.

Na ƙarshe, wanda kuma aka fi mantawa da shi, shi ne littafin rubutu guda da za a keɓe wa wannan aiki kaɗai. Wanda ya bugu a ka yakan yi mantuwa, sauƙin kuma a hankali yake zuwa, don haka in ba a rubuta ba, bayan wata guda kowa zai rantse cewa babu abin da ya sauya.

Mataki na 1: A samu izinin likita da cikakken awon ido

Ba a fara horo sai likitan da ya duba kan ya tabbatar da cewa babu jinin da ke taruwa a ciki, wuya kuma ba shi da karaya ko targaɗe. Daga nan sai a je wurin likitan ido, a faɗa masa ƙarara cewa buguwa aka yi a ka, a roƙi a duba abubuwa huɗu bayan karatun allo: motsin idanu ta kowace fuska, da iyakar kusancin da idanun ke iya haɗuwa, da faɗin gani ta gefe da gefe, da lafiyar jijiyar gani a bayan ido. Awon faɗin gani na'ura yake bukata, kuma an fi samun ta a manyan wurare irin su Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da sassan ido na asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato. Idan an rubuta tabarau, a yi shi kafin a fara, domin horar da ido da gilashin da bai dace ba ɓata lokaci ne.

Akwai alamomin da in aka gan su, a kowane mataki ake, a ajiye zare da fensir a nufi asibiti nan take: ciwon kai mai ƙaruwa, amai a kai a kai, barci mai nauyi da wuyar tashi, ruɗewa ko sauyin magana, farfaɗiya, mutuwar hannu ko ƙafa, baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya buɗewa, gani ya ɗauke farat ɗaya, ko ruwa garai-garai ya riƙa fita ta hanci ko kunne. Tsofaffi da masu shan maganin tsinka jini su ne abin sa wa ido sosai, domin jini kan taru musu a ƙarƙashin ƙoƙon kai sannu a hankali, alamar ba ta bayyana sai bayan makonni.

Kada a ɗiga komai a ido da sunan magani, ko ruwan ganye ne ko nono ko ruwan sukari, tunda ciwon ba a cikin idon yake ba, ɗigawar kuwa tana iya jawo gyambon da zai makantar. Kada kuma a sayi tiramadol a kemis don ciwon kai, saboda yana iya tayar da farfaɗiya ga wanda ƙwaƙwalwarsa ta bugu. Wasu magungunan farfaɗiya su kansu suna sa gani biyu-biyu da jiri. In an yi zargin haka likita za a gaya wa, ba a daina sha da ka.

Mataki na 2: A shirya wuri, a kuma kafa ma'aunin tsayawa

A zaɓi ɗaki maras hayaniya, a kashe rediyo da talabijin, a sa bangon da majinyaci zai fuskanta ya zama fili ba hotuna ba labule mai zane. Haske ya zo ta bayansa ko ta gefe, kada ya fuskanci taga. Doguwar fitilar nan mai ƙyaftawa tana tayar da ciwon kai, gara hasken rana da ya ratso labule.

Yawancin waɗanda suka bugu ba sa son haske, sai iyali su rufe tagogi su saya musu baƙin gilashi su riƙa sawa har a cikin ɗaki. Wannan tausayi ne mai cutarwa, domin idon da ya saba da duhu ƙara gudun haske yake yi. Baƙin gilashi na waje ne, cikin rana. A ɗaki a sa hula mai baki, a riƙa ɗage labule kaɗan-kaɗan kowane mako.

Ma'aunin tsayawa kuwa shi ne ginshiƙin aikin duka. Kafin a fara, a tambayi majinyaci ya ƙiyasta ciwon kansa da jirinsa daga sifili zuwa goma, a rubuta. Ana cikin horo, idan lambar ta hau da ɗaya ko biyu, babu laifi, alama ce ta cewa ana aiki. Idan ta wuce haka a tsaya, ya rufe ido ya huta har ta sauka. Idan kuma aka gama ciwon ya ƙi lafawa cikin kamar awa guda, ko ya wayi gari ya fi jiya jigata, to an zarce, gobe a rage rabi. Minti biyar zuwa goma sau biyu ko uku a yini shi ne mafari, kuma da hantsi ya fi, kafin gajiya da zafi su taru. Kuskuren da na fi gani shi ne na matasa masu ɗokin komawa aiki, waɗanda sukan zauna awa guda a rana ɗaya sannan su kwanta kwana uku.

Mataki na 3: Awon farko a gida

Wannan awo ba ya maye gurbin na asibiti, amfaninsa shi ne a san daga inda aka tashi. Na farko, a riƙe fensir a tsaye daidai tsawon hannu, a riƙa matso da shi a hankali zuwa karan hanci, majinyaci yana kallon bakinsa. Da zarar ya ce ya zama biyu, ko kai mai jinya ka ga ido ɗaya ya goce waje, a tsaya a auna da rula daga karan hanci. Mai lafiya yakan riƙe shi ɗaya har ya matso ƙasa da santimita 10. In babu rula, a yi alama a jikin kara a riƙa gwadawa da shi duk mako.

Na biyu, a ba shi rubutu mai matsakaicin girma, a duba agogo a ga minti nawa zai yi kafin haruffa su fara rawa ko kai ya fara ciwo. Na uku, ka zauna a gabansa, ya rufe ido ɗaya ya kafa ɗayan a kan hancinka, kai kuma ka riƙa shigo da yatsa mai motsi daga dama, daga hagu, daga sama da ƙasa, ya faɗi lokacin da ya fara gani. Idan gefe ɗaya ne ya ɓace a idanun biyu, alal misali hagu a kowanne, to raunin a ƙwaƙwalwa yake, a ɓangaren da ke kishiyar gefen da ya ɓace. Na huɗu, ka ja layi mai tsawon taƙi guda a takarda ka ce ya raba shi biyu, sannan ya zana fuskar agogo da lambobinta. Wanda ya sa alamar can dama, ko ya cunkushe lambobin duka a gefe ɗaya, yana da matsalar da za a yi bayaninta a mataki na 8.

Mataki na 4: Bin abu da ido da tsallake

Majinyaci ya zauna, kansa a tsaye ba motsi. Ka riƙe fensir nesa da fuskarsa da kamar kamu guda, ka tafiyar da shi sannu daga dama zuwa hagu, sannan sama da ƙasa, sannan ka zagaya, shi kuma ya bi da ido kaɗai na tsawon daƙiƙa 30. Ka lura ko idon yana tafiya sumul ko yana fizga, ko kuma kan yana bin fensir ɗin a ɓoye. In kan yana motsi, ya tallafi haɓarsa da hannu.

Tsallake kuwa da fensir biyu ake yi, ɗaya a dama ɗaya a hagu, tazarar taƙi biyu a tsakaninsu. Kana tafa hannu ko ƙwanƙwasa tebur, shi kuma yana tsallaka kallo daga wannan zuwa wancan a kowane bugu. Bayan kwanaki sai a koma babban allon haruffa a manne a bango, ya karanta harafin farko da na ƙarshe a kowane layi, sannan na biyu da na kusa da ƙarshe, haka har a haɗu a tsakiya. Sauri ba shi ne abin nema ba. Sai ya iya layi goma ba kuskure sannan a ƙara saurin bugun.

Mataki na 5: Haɗa idanu da zare mai duwatsu

Gazawar idanu su karkato ciki tare don kallon abu na kusa tana cikin matsalolin da aka fi samu bayan buguwar kai, kuma tana cikin waɗanda suka fi jin horo, shi ya sa nake ba wannan mataki lokaci fiye da sauran. Sai dai wanda likita ya ce jijiyar da ke juya idonsa ce ta shanye, kada ya yi shi sai an ba shi izini.

A zura duwatsun uku a zaren, a ɗaure ƙarshensa ɗaya a marfin taga ko a ƙusa daidai tsayin ido in an zauna. Majinyaci ya riƙe ɗaya ƙarshen a kan karan hancinsa, ya ja zaren ya miƙe sosai. Dutsen farko a ajiye shi ɗan nesa da inda fensir ya rabu biyu a awon farko, na biyu a tsakiyar zaren, na uku kusa da ƙarshe. Ya kalli na tsakiya tukuna. Idan idanun biyu suna aiki tare, zai ga dutsen guda ɗaya, amma zaren zai zama biyu, su gitta juna daidai a kan dutsen, sauran duwatsun kuma kowanne ya zama biyu. A nan majinyata kan firgita su ce abin ya ƙaru. A kwantar musu da hankali, domin wannan shi ne daidai, ko mai lafiya haka yake gani. Kai mai jinya ka gwada da kanka kafin ka koyar.

Kurakurai uku ake samu. In zare ɗaya kawai yake gani, ƙwaƙwalwa ta yi watsi da hoton ido ɗaya ke nan. Ya ƙyafta ido sau da yawa, ko ka ɗan girgiza zaren, ko ka rufe masa wannan ido sannan wancan har na biyun ya bayyana. In zarurrukan sun gitta a bayan dutsen, idanun ba su karkato ciki yadda ya isa ba, sai a tura dutsen nesa har gicciyen ya hau kansa, daga nan a riƙa jawo shi. In kuwa sun gitta a gabansa, ya matse idon fiye da kima, sai ya ja numfashi ya saki fuska kamar mai hangen nesa.

Da gicciyen ya zauna, ya riƙe shi daƙiƙa biyar, ya tsallaka dutse na nesa ya riƙe, ya dawo na kusa, ya yi ta zagayawa na minti biyu ko uku. Duk bayan kwana biyu ko uku a matso da dutsen farko da faɗin yatsa ɗaya, ba fiye ba, har a kai kamar santimita 10 daga hanci. Wannan kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. Inda babu zare, fensir kaɗai ma yana aiki: a matso da shi har ya kusa rabuwa, a riƙe daƙiƙa biyar, a mayar. Aibinsa shi ne ba ya tona asirin idon da ya daina aiki, mutum na iya yin mako yana horar da ido ɗaya bai sani ba.

Mataki na 6: Sauya gani tsakanin kusa da nesa

A manna babban allo a nisan mita uku, majinyaci ya riƙe ƙaramin a nisan karatu, kamar santimita 40. Ya karanta harafi ɗaya a bango, ɗaya a hannu, kuma kada ya faɗi harafin sai ya fito masa tas. A fara da ido ɗaya a rufe, sannan ɗayan, sannan duka biyun. Wanda ya haura shekara 40 ƙarfin wannan saiti ya riga ya ragu saboda shekaru, gilashin karatu ne maganinsa, kada a matsa masa a nan.

Mataki na 7: Tsayar da kallo, da gani biyu-biyu

Wanda duniya ke yi masa rawa in yana tafiya, ko jiri ke ɗibarsa in ya waiwaya, alaƙar kunnensa na ciki da idonsa ce ta taɓu. A rubuta harafi ɗaya babba a kati, a manna a bango nisan mita guda. A zaune, ya kafa ido a kan harafin yana juya kai dama da hagu kamar mai cewa a'a, juyi kaɗan ba har kafaɗa ba, da saurin da harafin ba zai dushe ba. Daƙiƙa 10 sun isa a farko, a riƙa ƙarawa har minti guda, sannan a yi na sama da ƙasa, daga baya a yi a tsaye da mutum a kusa. Idan jirin mai juya ɗaki ne, yana zuwa in ya mirgina a gado ko ya ɗaga kai sama sannan ya wuce cikin ƙasa da minti guda, wannan daban ne, kuma likitocin sashen gashin ƙashi suna da wata dabarar juya kai da ke magance shi, sau da yawa cikin zama ɗaya ko biyu. Kafin jirin ya lafa, ruku'u da sujada kan tayar da shi, don haka ya yi salla a zaune, kamar yadda aka yi wa maras lafiya rangwame.

Gani biyu-biyu da ke nan kullum yana bukatar a tantance shi. A rufe ido ɗaya: in hoton ya koma ɗaya, saɓanin idanun biyu ne, in bai koma ba, matsalar tana cikin idon da ke buɗe, likitan ido za a koma wa. Daga cikin jijiyoyin nan uku masu juya ido, wadda likitoci ke kira jijiya ta huɗu siririya ce mai doguwar hanya, buguwar kai kan taɓa ta, kuma alamarta ita ce hoto ɗaya a saman ɗaya, abin ya fi muni in an dubi ƙasa wajen karatu ko saukowa daga bene, sai ka ga mutum yana karkata kai gefe don ya daidaita. Da yawa sukan warware da kansu cikin wata uku zuwa shida, shi ya sa likitoci ba sa gaggawar tiyata sai karkacewar ta tsaya cik na akalla wata shida.

Kafin nan, a manna filastar takarda a gilashin ido ɗaya na tabarau, a tsakiya kawai, a bar gefe a buɗe don ya riƙa ganin abin da ke zuwa ta nan. A wasu asibitoci akwai wata siririyar leda mai lanƙwasa haske da ake mannawa a gilashi ta haɗe hotunan, a tambaya. Mai ido ɗaya a rufe ba ya ƙiyasta zurfi daidai, saboda haka a nisanta shi da zuba ruwan zafi da aikin wuta da wuƙa. Ƙaramin yaro kuwa ba a rufe masa ido sai da umarnin likita, domin idon yaro da aka daɗe da rufewa ganinsa kan raunana.

Mataki na 8: Gefen da ya ɓace

A nan manufa ita ce majinyaci ya koyi kai idonsa gefen da ba ya gani da gangan, har ya zame masa ɗabi'a. A baza abubuwa goma a kan tabarma ko faffaɗan tire, cokali da makulli da goro da murfin kwalba da sauransu, ya nemo wanda aka ambata, yana farawa daga can ƙarshen gefen da ya ɓace yana sharowa layi-layi. Sannan a manna lambobi a warwatse a bango, ya nemo su bi da bi. Daga nan a fita tsakar gida, a koya masa cewa duk ƙofar da zai shiga ya tsaya ya jefa ido can gefen da babban tsallake guda, ya dawo, sannan ya taka. Mai rakiya ya riƙa tafiya ta gefen da ya ɓace.

Wajen karatu, gefen da ya ɓace da irin rubutun su ke nuna dabarar da za a bi. A boko, wanda ya rasa hagu ba ya samun farkon layi na gaba, sai a ja jan layi mai kauri a gefen hagu na shafin, ya riƙa komawa har sai ya ga ja. Wanda ya rasa dama kuwa kalma ta gaba ce ba ya hangowa, karatunsa ya zama ɗaiɗai, sai ya riƙa jan yatsa yana kallon ƙarshen kowace kalma maimakon farkonta, a kuma ja jan layin a dama don ya san layi ya ƙare. A Alƙur'ani da ajami abin juyawa yake yi, tunda daga dama ake farawa: wanda ya rasa dama shi ke ɓatan farkon layi, wanda ya rasa hagu shi ke fama da kalma ta gaba. Na sha ganin wanda boko ya gagare shi amma yana karanta Mus'hafi ba wahala sosai, iyali suna mamaki, alhali dalilin ke nan. Ko wanne ne, a shimfiɗa rula a ƙarƙashin layin da ake karantawa, a kuma nemi bugu mai manyan baƙaƙe.

Akwai kuma wanda idonsa na iya gani amma ƙwaƙwalwarsa ta daina kula da gefe ɗaya, galibi hagu, bayan rauni a ɓangaren dama. Shi ne zai cinye rabin tuwon da ke dama ya ce ya ƙare, ya aske rabin gemu, ya sa hannu ɗaya a riga, kuma in an gaya masa ya musa, domin shi a wurinsa babu abin da ya ɓace. Faɗa ba ya gyara wannan. A zauna ta hagunsa in za a yi masa magana, a ɗaura masa agogo ko jan zare a hannun hagu, a sa shi ya shafa gefen kwanon da hannu har ya zagaye, ana tuna masa a hankali: "Baba, a duba hagu, akwai sauran nama." Amma ruwan sha da magani da sandarsa a ajiye su ta gefen da yake kula da shi, musamman da dare.

Mataki na 9: Komawa karatu, waya, kasuwa da tuƙi

A ɗauki mintunan da aka samu a awon farko, a rage kaɗan, a mai da su tsawon zaman karatu guda. Idan minti shida ne ke kawo ciwo, ya karanta huɗu ya huta, a riƙa ƙara minti ɗaya duk bayan 'yan kwanaki. Takarda ta riga waya, domin jan shafi sama da ƙasa a waya yana cikin abubuwan da suka fi tayar da jiri. In an koma wayar, a ƙara girman rubutu, a rage haske, a yawaita saƙon murya, kuma duk minti 20 ya ɗaga kai ya kalli wani abu mai nisan kamar mita shida na daƙiƙa 20. Ɗalibi ya fara da rabin yini, a roƙar masa zama a gaba da ƙarin lokaci a jarrabawa.

Kasuwa da tasha da taron biki sukan rikita mai wannan lalura, saboda komai yana motsi lokaci guda. A fara da shagon unguwa da sassafe na minti biyar, sannan masallacin unguwa, sai daga baya babbar kasuwa, kuma in abin ya taso masa ya tsaya ya kafa ido a kan abu guda maras motsi har ya lafa.

Duk ranar Juma'a, ko wata rana da aka tsayar, a maimaita awon mataki na 3 a rubuta. Idan aka yi mako shida ana horo a kai a kai lambobin ba su motsa ba, ko suka koma baya, a ɗauki littafin a koma wurin likitan ido da shi. Tuƙi kuwa, na mota ne ko babur ko a-daidaita-sahu, ba majinyaci ke yanke hukuncinsa ba, ba kuma iyali ba. Wanda ke gani biyu-biyu, ko gefen ganinsa ya ɓace, ko ya yi farfaɗiya bayan hatsarin, kada ya tuƙa sai likita ya sake auna shi ya amince, ko da abin hawan shi ne hanyar abincinsa. Gara a ba wani amintacce ya riƙa ja yana kawo balas. In an ɗauko shi a babur zuwa asibiti, ya sa hular kwano ya ɗaure igiyarta, domin ƙwaƙwalwar da ba ta gama warkewa ba ba ta jure bugu na biyu kamar yadda ta jure na farko.